A Karkace Ake Hawa

Ranar Talata da la'asar, ruwan sama na ɗaukewa, aka tsinci Inna Mai Shara kwance a bakin kwalta a layinmu, tsintsiyarta ta faɗa cikin kwata. Ni ban gani ba, ina shagona na ɗinki a bakin kasuwa. Wanda ya fara ganinta ƙanena ne, Auta, direban motar gidan biredi. Ya taka birki, ya ciccibe ta shi kaɗai, ya kwantar da ita a kan kwalayen biredi, ya nufi asibiti. Kafin a sama mata gado rai ya yi halinsa.

Da ya dawo layin don ya sanar da 'ya'yanta, rigarsa jina-jina, sai ya tarar da taro. Ciyaman ɗin unguwa ne a gaba, mutumin da ko akuya ta ɓata sai an je ƙofar gidansa. Ya dubi Auta sama da ƙasa, ya yi tambaya ɗaya.

"In ba kai ka buge ta ba, me ya sa ka ɗauke ta?"

Wallahi har yau in na tuna wannan tambayar sai in ji ƙirjina yana tafasa. Mutanen da suka san Auta tun yana rarrafe, waɗanda yake miƙo wa 'ya'yansu biredi ta taga kyauta, su ne suka rufe shi da duka. Wani ya take masa hannun dama da dugadugi har yatsu uku suka karye. Da ƙyar Sajan na ofishin 'yan sanda ya ƙwace shi.

Na iske Sajan yana rubuce-rubuce. Bai ma ɗago ba.

"Malama, sawun taya ga shi can, faffaɗa, na babbar mota. Babbar mota ɗaya aka gani a layin. Jini a motarsa, jini a jikinsa. Me kike so in bincika kuma? Ranar Juma'a sai kotu."

"Jinin taimako ne, yallaɓai."

"Kowa haka yake cewa."

Na fito cike da takaici. Kwana biyu ke nan tsakanin ƙanena da gidan yari.

* * *

Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya yi shekara talatin yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata. Yanzu gwiwa ta ajiye shi, sai kiwon tattabaru a bayan gida. Mutum ne mai sanyin magana har ya ba ka haushi, ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Tela yake ce min. Na zayyana masa komai a tsaye, ya gama watsa wa tattabarunsa hatsi tukuna, sannan ya ɗauki sandarsa.

"Ɗauko tef ɗinki, Tela. Mu je kafin rana ta faɗi."

Wurin da Inna ta faɗi an tattake shi kamar an yi kasuwa. Kawu ya ja tsaki.

"Garken shanu ma sun fi su tsari. Su ko ba komai hanya ɗaya suke bi."

Bai ɓata lokaci a nan ba. Ya juya ya bi hanyar da motar ta fito, yana ɗingishi, idonsa a ƙasa, har muka kai tudun rage gudu da ke saman layin, kamar taku talatin daga wurin. Ciyaman ne ya sa aka gina wannan tudun bara, ya tsaya a kan magina har suka yi shi kamar katanga ta kwanta. Ruwa ya tara yashi mai laushi gaba da bayansa, kuma babu wanda ya damu ya taka nan.

"Auna min faɗin wannan."

Na durƙusa na auna. Inci goma. Zanen tayar kamar kan kibiya ne, a jere a jere, sabo fil.

"Na motar Auta fa?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ni na sani. Bakwai ne, kuma sun suɗe kamar tafin hannu. Zo ki ga wani abu."

A ƙoƙuwar tudun, daidai tsakiyar sawun tayoyin biyu, wani abu ya kankare siminti ya bar farin tabo mai tsawon kamu ɗaya. Kusa da shi ruwan da ya kwanta yana ƙyalli da baƙin mai. Kawu ya ƙara taku biyar, ya sunkuya da ƙyar, ya tsinto wani siririn zaren roba da ya nannaɗe kamar ɓawon lemo. Ya sa a aljihu.

"Motar biredi za ki iya rarrafawa ta ƙarƙashinta. Wannan kuwa cikinta ya daki tudu. Ƙafar giwa gare ta, cikin ƙadangare."

Mota ɗaya ce a unguwarmu mai jan ciki, jar motar tsere ta Shalele, ɗan Ciyaman tilo, wadda ya sa aka sauke ta har kusan ta lashi ƙasa. Ƙadangaruwa ma muke ce mata.

"Shi ne! Wallahi shi ne, ɗan banzan yaron nan!"

"Tayoyinta inci goma ne?"

Kowa ya san tayoyin Ƙadangaruwa ƙanana ne.

"To kar ki yanka yadi kafin ki gama awo." Ya aro manyan robobin wanki biyu a gidan da ke kusa, ya kife a kan sawun, ya ɗora duwatsu.

* * *

Washegari da safe muka fara da direban tankar ruwa, don shi ma tayoyinsa faffaɗa ne kuma ya saba bin layin. Muka tarar da tankar a kan duwatsu, kwana huɗu ke nan ba ta da tayoyin gaba. Ya yi ta rantse-rantse ba wanda ya tambaye shi, har ya ba ni tausayi. Mun ɓata awa guda a banza.

Daga nan sai gidan Ciyaman. Muna isowa ya dawo daga gaisuwar rasuwa a doguwar jif ɗinsa. Ya haye tudun nan kai tsaye ko rage gudu bai yi ba, kamar yadda ya saba. Kawu ya bi sawun jif ɗin da kallo, ya girgiza kai: zanen tayarta dunƙule-dunƙule ne, ba kan kibiya ba.

A ƙofar gidan an zuba sabon yashi, daga bakin kwalta har cikin get.

"Ranka ya daɗe, gini za a yi ne?" in ji Kawu.

"Taɓo ne ya dame mu." Ciyaman ya dube ni a yatsine. "Ke ce yayar yaron nan ko? Ki yi haƙuri. Ni ma ban ji daɗi ba, amma rai ba wasa ba ne. Dole a hukunta mai laifi ko ɗan waye."

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Kawu ya taka min ƙafa da sandarsa.

Ta cikin get muna hango Ƙadangaruwa an lulluɓe ta da tamfol, ƙananan tayoyinta na leƙowa ta ƙasa. Tsakar gidan siriri ne, mota ɗaya ke iya wucewa, in wata ta tsaya a baya ta gaba ba ta da hanyar fita.

"Motar yaronka tana fita kuwa kwanan nan?"

"Wannan akwatin gawar? Ina ruwana da ita! Ni tunda aka kawo ta ban taɓa sa ƙafata a ciki ba, ba kuma zan sa ba. Yaron banza, an saya maka mota lafiyayya ka je ka gurgunta ta."

"Yaran yanzu sai addu'a," in ji Kawu, ya yi masa sallama.

* * *

Garejin Bakanike yana bayan gidan mai, rumfar kwano ce da ramin duba mota da tarin tsofaffin tayoyi. Da ya gan mu sai ya shige ƙarƙashin wata mota ya yi kamar aiki ya sha masa kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kawu ya jawo benci ya zauna, ya ajiye zaren robar nan a ƙasa daidai inda idonsa zai kai.

An ɗan jima ya turo kansa waje.

"Ina kuka samo wannan?"

"Kai za ka gaya min ko mene ne."

"Baba, ni ba na son shiga maganar manya. Ina da iyali."

"Ni ma ina da ƙane!" na daka masa tsawa. "Yana can a kulle da karyayyen hannu, kai kana nan kana lissafin iyali!"

Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya fashe, kamar dama a cike yake.

"Na gaya masa! Wallahi sau uku na gaya masa! Ni na sauke motar nan bara, na yanke mata sifirin, yatsa biyu kawai ya rage tsakanin taya da madigadi, ƙarfen nan da ke rufe samanta. Jiya da safe ya zo min da wasu manyan wili, sun fi nata da inci biyu, ga faɗi kamar na tirela, wai in ɗaura. Na ce Shalele, motar da aka sauke ba a sa mata babban takalmi haka kawai. Sai an naɗe leɓen madigadin ciki, an ɗan ɗaga ta, in ba haka ba ranar da ta faɗa rami ko ka murɗa sitiyari da ƙarfi, ƙarfe zai kama taya ya riƙe, motar ta tafi inda ta ga dama. Ya ce in ɗaura ya ga yadda za ta yi kyau, zai lallaɓa ta gida, gobe ya dawo a yi sauran aikin."

"Wannan robar fa?"

"Leɓen madigadi ne ya fere ta daga kafaɗar taya. Ba abin da ke yin wannan yankan sai shi."

"Ya dawo goben?"

"Jiyan dai ya dawo, da yamma, a ƙafa, rabin kansa da aski rabi babu. Ya kwashi tsofaffin tayoyin a motar haya, ya karɓi gam ɗin da ake liƙe tukunyar baƙin mai. Idonsa jawur. Ban tambaye shi komai ba."

Na miƙe. "Kawu, tashi mu je wajen Sajan."

Kawu bai motsa ba. "Wa ke da makullin motar ban da shi?"

"Ni ba ni da shi. Ɗaya ne, a ƙusa yake rataye shi a falonsu."

"Ya iya tuƙi, yaron?"

"Ba shi da kunya, amma ya iya. Motar nan ya fi son ta da ransa. Ni na koya masa yadda ake lallaɓa ta, ko tsakuwa ba ya bari ta taɓa cikinta."

* * *

Mai Aski bai ɓoye komai ba, shi dama bakinsa ba ya rufuwa.

"Shalele? Tun kafin ruwa ya sauko yana kan kujerar nan. A ƙafa ya zo, wai ba ya son sababbin tayoyinsa su taka taɓo. Wuta ta ɗauke muka zauna jira. Tana dawowa na yi masa gefe ɗaya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ce, 'Na'am? Yanzu?' Ya fizge ƙyallen ya fita da gudu. Ko minti goma ba a yi ba muka ji ana cewa an buge Inna."

Muna fita na ce, "Ƙarya yake, an toshe masa baki. Duk bakinsu ɗaya."

"Wataƙila. Tela, kin taɓa ganin yaron nan yana haye tudun layinku?"

"Na gani mana! Kullum sai ya tare mana hanya. Ya tsaya cak, ya karkata motar, ya hau da taya ɗaya, ya jira, ya hau da ɗaya, yana tafiya a gicciye kamar ƙaguwa. Rannan sai da na zage shi, ina sauri zan kai ɗinki."

"Kullum?"

"Kullum. Me ya kawo wannan maganar kuma?"

Ya ce in kai wa Auta abinci, shi zai ga Sajan da kansa. Na tafi ina ƙunƙuni, don a ganina mun kama ɓarawo hannu dumu-dumu, tsoho yana ta jan ƙafa.

Auta na zaune a kan siminti, hannun a naɗe da bandeji, ya kumbura kamar ba nasa ba. Bai iya riƙe cokali ba, ni na ba shi a baki kamar lokacin da yake yaro.

"Yaya, tana ta kiran sunan jikarta a motar," ya ce. "Ina ce mata mun kusa, mun kusa."

Na juya baya don kar ya ga fuskata.

* * *

Ban san me Kawu ya gaya wa Sajan ba, amma ranar Alhamis da yamma sai ga shi a layinmu da 'yan sanda biyu, da Auta da ankwa a hannunsa mai lafiya. Aka kira Bakanike da Mai Aski. Aka kira Ciyaman da ɗansa. Sauran jama'a ba sai an kira su ba.

Kawu ya ɗage robobin wankin. Sawun na nan ya bushe kamar an zana shi. Ya sa na auna a gaban kowa, sannan na auna tayar motar biredi da aka kawo daga ofis. Goma da bakwai. Ya nuna musu farin tabon da ke kan tudu, ya ce wa Bakanike ya maimaita abin da ya gaya mana. Bakanike ya maimaita, bai yarda ya haɗa ido da Ciyaman ba.

Sajan ya tura mutanensa cikin gidan. Ba su daɗe ba suka mirgino manyan tayoyi huɗu daga ɗakin janareta, an wanke su tas. Zanensu kan kibiya ne. A kafaɗar ta gaba ta dama akwai sabon yanka da ya zagaye ta. Kawu ya warware zaren robar ya ɗora a kai, ya zauna daram.

Wuri ya kaure. Bakunan da suka zagi Auta shekaranjiya su ne suka koma kan Shalele, ko kunya babu. Shi kuwa yana tsaye kansa a ƙasa, ya sa hula ya rufe askinsa da bai ƙarasa ba.

Ciyaman ya taka ya je gabansa ya wanke shi da mari, sai da hular ta faɗi.

"Ka kashe ni! Ka zubar min da mutunci a unguwa! Sajan, tafi da shi. Na faɗa, ko ɗan waye. Doka ta yi aikinta."

"Kai ka tuƙa ta?" Sajan ya tambayi yaron.

Shalele ya dubi ubansa, ya mai da kansa ƙasa. "Motata ce," ya ce.

Aka cire ankwar daga hannun Auta aka sa wa Shalele. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

"Saura abu ɗaya, Sajan," in ji Kawu. "A kawo motar nan a gwada cikinta da tabon, kar gobe lauya ya ce ba ita ba ce. Bakanike shaida ne, kar ya taɓa ta. Yaro kuma yana hannu. Ranka ya daɗe, gidanka ne, kai za ka fito mana da ita."

"Ni? Na ce ba na shiga wannan abar."

"Af, na manta. Ai irin waɗannan sai yara, mu tsofaffi ba mu iya su ba. Bari a nemo wani ɗan saurayi ya taimaka maka."

Wani ya yi dariya a cikin taron. Ciyaman ya kumbura.

"Shekara talatin da biyar ina tuƙi, kafin a haifi uban wanda ya ƙera ta!"

Ya shige gida fuu. Muka ji ta tashi da wannan gurnanin nata. Ta fito daga get tana jan ciki, Ciyaman ya dunƙule a ciki gwiwoyinsa na taɓa sitiyari. A hankali yake tahowa, a hankali ƙwarai, zufa na bin fuskarsa. Ya saita hancinta tsakiyar tudun, tayoyin gaba biyu a jere, kamar yadda yake yi da jif ɗinsa kullum. Saura taku uku. Saura biyu.

"Baba, a karkace!" Shalele ya ƙwala ihu, ya fizgo har ɗan sandan da ke riƙe da shi ya yi tangaɗi. "A karkace ake hawa! Za ka kuma fasa ta!"

Motar ta tsaya cak. Gurnanin injin kaɗai ake ji.

"Kuma?" in ji Kawu a hankali.

Shalele ya rufe bakinsa da hannayensa biyu, ankwar na ƙara.

Kawu ya nuna sawun da sandarsa. "Ku duba da kyau, ku da kuka iya duka ba ku iya kallo ba. Duk wanda ke layin nan ya san yadda yaron nan yake haye tudun nan, taya ɗaya bayan ɗaya, har zaginsa kuna yi. Bakanike ma haka zai hau, shi ya koya masa. Wannan sawun kuwa a miƙe yake kamar an ja shi da igiya. Wanda ya tuƙa ta ranar Talata bai san motar ƙasa ba, ya saba kallon tudu daga sama. Ya hau da gudu, cikinta ya daki siminti, ta yi tsalle ta dawo ta zauna a kan manyan tayoyin. Ya murɗa sitiyari, ƙarfe ya kama taya, ta ƙi juyawa. Inna tana gefen hanya tana buɗe kwata da tsintsiyarta." Ya juya ga yaron. "Wa ya kira ka a waya kana kan kujerar aski?"

Shalele ya durƙushe a kan kwalta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba ne. Na tare masa hanya ne... jif ɗinsa tana ciki, tawa tana baya. Ya ga tayoyin ransa ya ɓaci, ya ɗauki makulli wai zai kai ta gareji a cire su. Ya ce in mai da tsofaffin, ba wanda zai sani. Ya ce ko an gane, ni yaro ne, za a sassauta min, shi kuma zai fitar da ni..."

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na juya na dubi jama'a, ina jiran in ga hannayen nan da suka yi wa Auta rubdugu. Duk sun shige aljihu. Wanda ya take masa yatsu yana can baya yana kallon sama kamar mai duba hadari. Wani dattijo ma har ya fara cewa, "To, ƙaddara ce, a rufa wa juna asiri, a yi haƙuri." Ranar Talata babu wanda ya tuna da ƙaddara. Ban taɓa jin na tsani mutane kamar yadda na tsani maƙwabtana a wannan lokacin ba.

Ciyaman bai fito ba. Ya kashe injin ya zauna riƙe da sitiyari, hancin motar na fuskantar tudun da ya gina da kansa. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Sajan ya buɗe ƙofar ya tsaya, shi ma kamar yana jin nauyin miƙa hannu.

Na ture shi na sunkuya a bakin ƙofar. Kawu ya kira sunana, ban waiwaya ba.

"Ranka ya daɗe, rannan tambaya ɗaya ka yi, aka karya wa ƙanena hannu. Ni ma ɗaya gare ni. Tunda kai ka buge ta, me ya sa ba ka ɗauke ta ba? Likita ya ce da an kawo ta da wuri da ta rayu."

Ya waiga bayansa, ya dubi cikin motar, kamar amsar tana can a ajiye.

"Motar..." ya ce da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba. "Ba ta da kujerar baya."

Auta ya tako a hankali, yana tallafe da karyayyen hannunsa, ya tsaya kusa da ni. Ya daɗe yana kallon mutumin.

"Baba Ciyaman," ya ce, "tawa ma ba ta da ita."